Ba Sautun Uwarsa Ne Ya Kashe Ikrama Ba

Saƙon ta'aziyya daga Ƙungiyar Matan Mahauta da 'Yan Kasuwa ta Zongon Sokodé da Dapaong

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yau ba ta huce ba, Ƙungiyar Matan Mahauta da 'Yan Kasuwa ta Zongon Sokodé da Dapaong, a ƙarƙashin jagorancin uwarmu Magajiya Hajiya Khairiya Daada, ta samu labarin rasuwar ɗanmu kuma ƙanenmu, matuƙin jirgin sama Malam Ikrama Sharifuddeen Jumare, ɗan marigayi Alhaji Sharifuddeen Jumare, Madakin Fawa, da Hajiya Barakatu, ɗaya daga cikin iyayen da suka kafa wannan ƙungiya, wanda Allah Ya karɓi ransa a asibitin Sokodé bayan ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya kama da wuta ya faɗi a wata gonar doya kusa da Kparatao. Daga Allah muka fito, kuma wurinSa dukanmu za mu koma.

Da gangan muka jinkirta wannan saƙo har aka yi sadakar bakwai aka watse. Da a makon farko muka fitar da shi, da addu'a kawai za mu yi mu koma ɗaki mu yi kukanmu. Amma an faɗi wata magana a zauren makoki wadda ta ɗora wa uwa mutuwa a kan mutuwa, shi ya sa muka kame bakinmu har masu bincike suka zo suka yi bayani. Yanzu sun yi, mun ji da kunnenmu, kuma za mu yi magana.

Marigayi Malam Ikrama a layin mahauta ya tashi, a gabanmu. Da yawanmu mun goya shi. Kafin ya tafi lekol, wato makarantar boko, da safe sai ya kai tiren naman mahaifinsa kasuwa, ya dawo ya wanke hannu da toka don kada littafinsa ya yi maiƙo. Ya yi karatu a Lomé, ya ƙetare ya koyo tuƙin jirgi, kuma da ya so zama a manyan jirage masu zuwa ƙasashen Turawa da ya samu. Sai ya zaɓi ƙaramin jirgin wani kamfani mai ɗaukar marasa lafiya da magunguna tsakanin Dapaong da Sokodé da Lomé, ya zauna da iyalinsa a Dapaong. Matar da naƙuda ta gagara, yaron da tafasasshen mai ya ƙona, makiyayin da bijimi ya soke a Gando, duk ya ɗauke su ya kai su hannun likita kafin rai ya yi halinsa. Har mutanen Blitta sun san ƙarar jirginsa, in ya wuce ta kansu sai su ce yau ma Allah Ya ba wani sauƙi. Duk da fararen kayan aikinsa, bai taɓa shiga rumfar mahauta bai durƙusa ya gai da iyayensa ba.

Akwai kuma hidimar da ya yi mana mu mata, wadda ba za mu ɓoye ba, tunda ita aka juya aka mai da makamin dukanmu. Kowa ya san Zongon Sokodé da na Dapaong gida ɗaya ne, 'ya'yanmu suna aure can, nasu suna aure nan, kuma tun zamanin kakanninmu fatake ba a barin matafiyi ya tafi hannu wofi. Duk ranar da jirgin zai tashi ba majinyaci a ciki, mukan ba Ikrama sautu: ƙuli-ƙuli, daddawa, dambun nama, ɗan ƙullin yaji na mai jego. Shi kuma ya dawo mana da wagashi, cukun nan na Fulani, da tumatir. Da izinin kamfanin ake yin haka, matar direktan kamfanin kanta ta sha aika doya ta hannunsa. Da sikelin mahaifinsa yake auna kowane ƙulli, in ya yi yawa ya ce, "Mma, jirgi ne fa, ba babbar motar titan ba, ki rage." Tsofaffinmu su zage shi su ce tun yana tsumma ba shi da kunya, ya yi dariya ya karɓi zagin, amma ba ya ƙara ko da ƙwayar gyaɗa a kan abin da ya auna. A bayan kujera yake ajiye kayan, a sauke su a ranar. Ba su taɓa kwana a jirgi ba.

Ranar da abin ya faru, da safe mahaifiyarsa ta ba shi gwangwanin dambun nama ya kai wa jikokinta biyu a Dapaong. Shi da ma'aikaciyar jinya Malama Memounatou ne kawai a ciki. Ita Allah Ya yi mata sauran kwana, kuma daga bakinta muka ji cewa ba su daɗe da tashi ba hayaƙi ya fara fita daga fiffiken hagu. Ya ce mata ta ƙara ɗaure bel ɗinta ta yi salati. Ya juyo zai koma filin jirgi, da ya ga ba zai kai ba, sai ya kauce wa gidajen Kparatao ya nufi gona. Manoma ne suka ciro su, masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suka kawo su gari. Ƙungiya tana gode musu, Allah Ya saka musu da alheri.

Ranar sadakar uku, wakilin kamfanin ya shigo zaure, ya zauna a kan tabarmar marigayi Madakin Fawa, ya sha ruwan gidan, sannan a gaban limamai da dattawa da surukai ya ce suna kyautata zaton ɓeraye ne suka shiga fiffike suka ci wayoyi, saboda abincin da mata ke yawan ba matuƙi, sauran kuma ƙaddara ce. Ya shafa fatiha ya tafi ya bar bijimi na sadaka a ƙofar gida. Ba wanda ya buɗe masa fiffiken nan ya gani a lokacin. Tarkacen ma yana gona, jandarmomi suna gadinsa. Daga ina ya samo ɓerayen?

Katanga ɗaya ce tsakanin zauren da ɗakin Hajiya Barakatu. Ta ji. Tun ranar ba ta ƙara hura wuta ba, abinci sai an yi mata dole take kai loma biyu, kuma duk wadda ta shiga yi mata gaisuwa abu ɗaya take maimaita mata, wai da hannunta ta kira wa ɗanta ɓeraye. Matar da ta yi shekaru tana ciyar da marayu daga tukunyarta, yau ita ce ake nunawa da baki a kasuwa. Maganar ta bi mota ta isa arewa kafin mu. Matar marigayi, Malama Hibatullahi, tana takaba a ɗakinta a Dapaong, mahaifinta kuma, Alhaji Awudu, dillalin shanu, cikin zafin rai ya kwashe yaran ya kai su Gando, ya aiko cewa ba za su taka gidan da aka yi wa ubansu guzurin mutuwa ba. Ba mu riƙe shi a zuciya ba, abin da aka gaya masa ya yi aiki da shi. Amma jama'a su duba: da magana ɗaya wadda ba a auna ba, an raba tsohuwa da ɗanta, an raba ta da jikokinta, an kuma raba ta da barci.

Ga abin da masu bincike suka faɗa a gaban Mai girma Sarkin Zongo da Sarkin Fawa da wakilanmu, kuma mun sa an maimaita mana da Hausa da Kotokoli don kada wani ya ce ba mu gane Faransanci ba. Babu alamar haƙori a kan waya ko ɗaya. Babu kashin ɓera, babu sheƙarsa. A cikin fiffiken jirgi akwai wayoyin lantarki da ke bi ta kusa da bututun mai, an ɗaure su da maɗaurai don kada su motsa. Wani maɗauri ya saki, waya ta kwanta a kan gefen ƙarfe, duk tashi duk sauka tana gogawa, kamar yadda igiyar guga ke cinyewa a bakin rijiya, har robar da ke jikinta ta kwaile. Tartsatsi ya haɗu da tururin mai. Abin da ya kashe Ikrama ke nan.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne an san da wannan ciwo tun tuni. Masu ƙera irin wannan jirgi sun daɗe da gano shi, hukumomin kula da lafiyar jirage kuma suka mai da gyaransa doka a kan duk mai jirgin: a buɗe ƙofofin da ke ƙarƙashin fiffike, a bi wayoyin da ido da hannu, a sake maɗaurai, a sa wa waya riga mai kauri a duk inda za ta iya taɓa ƙarfe, a nisanta ta da bututun mai, kuma an yanka wa'adi. Wa'adin ya zo ya wuce, kamfanin bai buɗe fiffiken ba, domin buɗe shi na nufin jirgi ya kwana a ƙasa ba ya aiki. Kullum sai an gama wannan tafiyar, sai bayan damina, sai kayan gyara sun iso. Matuƙi ba ya ganin cikin fiffike. Yakan zagaya jirginsa kowace safiya ya taɓa abin da hannunsa ya kai, sauran amana ce a wuyan masu jirgi. Sun ci amanar, sannan suka zo gidan uwarsa suka rataya mata.

Mu Musulmi ne, mun yarda babu mai wuce ranarsa. Amma ba mu yarda a ɗauki kalmar ƙaddara a yi zanen rufe sakaci da ita ba. Mahaucin da ya bar wuƙa a kan hanya yaro ya taka ba ya cewa ƙaddara, kunya yake ji ya nemi gafara. Dokar nan ba don ado aka yi ta ba, wasu ne suka mutu a wani wuri kafin a rubuta ta, don kada wata uwa ta sake yin irin kukan uwayensu.

Saboda haka ƙungiya tana kira ga kamfanin da ya dawo da wakilinsa wannan zauren, kan wannan tabarmar, a tara mutanen da suka ji maganar farko, ya janye ta da bakinsa, da ƙarfi yadda za a ji ta bayan katanga. Takarda daga Lomé ba za ta wadatar ba, da baki aka yi ɓarnar. Bijiminsu yana nan ɗaure a ƙofar Sarkin Fawa, mazajenmu da 'ya'yanmu sun rantse babu mahaucin da zai ɗora masa wuƙa a Sokodé, su zo su kwance abinsu. Muna kuma roƙon hukumar da ke kula da lafiyar jirage, cikin girmamawa, kada ta bar ɗaya jirgin kamfanin, wanda irinsu ɗaya da wanda ya faɗi, ya sake tashi sai ma'aikatanta sun tsaya an buɗe fikafikansa biyu a gabansu sun gani da idonsu. Akwai wani matuƙi da ke shiga cikinsa, shi ma yana da uwa. Marasa lafiyarmu ne ake kwantarwa a ciki. Duk ranar da muka ji an tayar da injinsa ba a yi wannan ba, za a same mu zaune a kan filin da tabarminmu.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Malama Hibatullahi da marayunta, ga zuriyar marigayi Madakin Fawa, ga Mai girma Sarkin Zongo, da Sarkin Fawa, da limamanmu, da dukan jama'ar Zongon Sokodé da Dapaong da Gando. Allah Ya jiƙan Ikrama, Ya sa wutar da ta taɓa shi a duniya ta zama ita ce ta ƙarshe da zai gani, Ya yalwata kabarinsa, Ya haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna Firdausi. Allah Ya ba Malama Memounatou lafiya, Ya raya yaran nan Ya yi musu albarka, Ya ba iyali juriyar wannan rashi.

Ke kuma Hajiya Barakatu, yayarmu, uwarmu, mun san ba ki fita, don haka za a karanta miki wannan a ɗakinki. Ba ke ba ce. Abin da kika ba ɗanki abinci ne na halal daga hannun uwa zuwa bakin jikoki, Allah shaida ne, masu bincike ma sun shaida. Matan reshenmu na Dapaong sun je Gando sun zauna da Alhaji Awudu, sun faɗa masa duk abin da muka ji. Da ya gama ji, sai ya ce shi da kansa zai kawo yaran ranar Juma'a, kuma zai durƙusa ya nemi gafararki. Ki tashi ki yi wanka, ki ci abinci, kada jikokinki su same ki haka.

Sa hannu:
Hajiya Bara'atu Yasin
Mai magana da yawun Ƙungiyar Matan Mahauta da 'Yan Kasuwa ta Zongon Sokodé da Dapaong
A madadin Magajiya da dukan 'yan ƙungiya