An Tashi, Manaja

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da matarka da yara, da ƙafar nan taka mai ciwo. Na rubuto ne don na san kunnenka ba ya shiri da waya, ni kuma yanzu in na kara ta a kunne maganar ba ta fitowa.

Masu gaisuwa sun watse. Tabarmin da aka aro duk an mayar. Ka ce in riƙa faɗa maka yadda nake. Ina nan. Ina tashi in share tsakar gida, in ɗora ruwa, wani lokaci har ya ƙone ban zuba komai a ciki ba. Ba na kuka, kada ka damu. Maƙwabciyata mai ɗinki tana kawo kwano, in karɓa in yi godiya, in ta dawo ta ɗauki abinta yadda ta kawo shi. Takalman ɗana Dogo suna bakin ƙofa inda aka ajiye su. In ina shara sai in kewaye su.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jakinsa. Ka tuna Manaja yake ce masa, wai don ba ya motsi sai ya ga dama. To, Manaja ba ya ci. Ranar da Dogo ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi yana sauke bulo, abokan aikinsa ne suka jawo amalanken gida, suka kwance jakin a gurguje suka bi mu asibiti. Tun ranar yake tsaye a rumfa yana kallon ƙofar gida. Na zuba masa dusa, ya shinshina ya bari. Na aika an sayo harawa mai kyau, ya zari tsinke ɗaya ya riƙe a baki kamar mai tunani. Ruwa kaɗai yake ɗan taɓawa. Ƙasusuwan bayansa sun fara fitowa. Ko kukan da yake tayar da unguwa da shi ya daina, har mai ɗinki ta ce yanzu makara take yi.

Ban san yadda ake yi da jaki ba, Yaya. Ni dai mai jakin na haifa.

Ka gaida mutanen gida. Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Amin, wa'alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya jiƙan Dogo, ya ba ki dangana. Takardarki ta iso hannun direba. Na karanta ta, na sa tabarau na sake karantawa, don na zaci ban gani daidai ba ne. Kin cika shafi da labarin jaki, ke kuma kin ba kanki layi uku, su ma na kwanon da ba a buɗe ba.

Ki saurare ni. Ba zan bar ki a gidan nan ke kaɗai kina gadin dabba ba. An kwashe tarkacen da ke ɗakin baya, matata ta sa labule, jikokina har faɗa suke a kan wanda zai kwana wajenki. Ranar Asabar zan turo mota ta ɗauko ki.

Batun jaki kuwa, na yi magana da wani mai sayen jakai. Ya ce ko ramamme ne yana so, zai biyo motar ya ɗauke shi. Ban tambaye shi abin da zai yi da shi ba, ke ma kada ki tambaya. Na san za ki ce ba ni da tausayi. Ina da shi, amma ke na ajiye wa. Tun kina ƙarama haka kike, kaza in ta yi ɗingishi sai ki ƙi cin abinci. Yanzu ba shekarun wannan ba ne.

Ki haɗa kayanki. Ki ci abinci, umarni ne ba shawara ba.

Wassalam.
Yayanki.

*

Zuwa ga Likitar dabbobi,

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan aiki yana sauƙi. Ba ki san ni ba. Ni ce mahaifiyar Dogo mai amalanke, wanda yake kawo jakinsa wajenki ranar da kike zuwa tashar masu amalanke. Ina jin kin sami labarin rasuwarsa.

Jakin ya daina ci. Yayana ya samo mai saye zai zo ranar Asabar, kuma kowa ya san masu sayen ramammen jaki fatarsa suke so. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Kwanan nan ba na iya cewa komai. Amma Dogo yakan ce ke ce kike taɓa jaki kamar mutum. Don Allah in kin sami hali ki zo ki gan shi. In mutuwa zai yi, a gaya mini in sani.

Maƙwabciyata ce za ta kawo miki wannan, ita za ta nuna miki gidan. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Na gode. Allah ya saka da alheri.
Mahaifiyar Dogo.

*

Mama,

Wa'alaikumus salam. Ina yi miki ta'aziyya, Allah ya jiƙansa. Na zo ɗazu, mai ɗinki ta buɗe mini. Na yi sallama a ƙofar ɗakinki ba ki fito ba, kuma ban ga laifinki ba. Shi ya sa na bar wannan.

Na san Dogo sosai. A duk tashar nan jakinsa ne kaɗai ban taɓa samun gyambo a bayansa ba. Yakan kawo shi lafiya lau ya ce, “Likita, duba mini Manaja, yau ya kalle ni wani iri.” In na kore shi sai ya tsaya yana riƙe mini jakan wasu ina yi musu allura.

Na duba haƙora, ciki da kofato, ban sami cuta ba. Na yi masa allura, na ɗura masa ruwan sukari. Amma ba zan ɓoye miki ba: jaki ba kamar akuya ba ne, in ya daɗe bai ci ba jininsa lalacewa yake yi, daga nan ko ya so ci ba ya iyawa. Ya kusa kaiwa can. Allurata jinkiri kawai za ta saya mana.

Jakai suna da riƙon sabo fiye da yadda mutane suke zato. Ki taimake ni da abu ɗaya: yaya Dogo yake ba shi abinci? Ki rubuto mini komai, har abin da kike ganin shirme ne.

Ki huta lafiya, Mama. Ke ma ki sa wani abu a cikinki.
Likita.

*

Ranki ya daɗe Likita,

Salamu alaikum, na gode da zuwanki. Na ji sallamarki, ƙafata ce ta ƙi tashi.

Na zauna na tuna, ko da yake ba na son tunawa. Dogo ba ya ba shi babban abinci sai sun dawo aiki. In sun shigo sai ya kwance amalanke, ya sauke akumarin da ke bayansa, ya jiƙa wata tsohuwar rigarsa ya goge masa baya da wuya, yana bin wurin da igiya ta kwanta da yatsa. In ya gama sai ya daki wuyansa ya ce da ƙarfi, “An tashi, Manaja!” Sai jakin ya juya ya nufi dusa. Ko an zuba tun da rana ba ya taɓawa sai ya ji wannan. Nakan ce masa, “Kai da ubangidanka kun ishe ni.” Ya ce, “Inna, ma'aikaci ba ya ci a bakin aiki.”

Ranar nan ba wanda ya goge shi, ba wanda ya ce masa an tashi.

Na gwada jiya. Ni da mai ɗinki muka ɗora akumarin, ashe a juye muka sa, ya tsaya yana kallonmu har muka gyara. Na zagaya da shi tsakar gida, na sauke, na faɗi maganar. Ya karkaɗa kunne ya koma kallon ƙofa. Wataƙila muryar ce ba ita ba.

Na gode dai.
Mahaifiyar Dogo.

*

Mama,

Gaisuwa. Ba na jin muryar ce. Manaja ya san bambancin aiki da zagayen tsakar gida. Ki ɗaura masa amalanken ba kaya, ki fita da shi da safe kafin rana ta yi zafi. Kada ki ja shi, ki bar shi ya bi hanyarsa. In ya yi rawar ƙafa ku tsaya ya huta.

Na san ta inda hanyar ta bi, kuma na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne. In ba za ki iya ba, zan nemo ɗaya daga cikin abokansa. Amma ƙanshin gidan a jikinki yake, ba a nasu ba. Ban yi miki alkawarin zai ci ba.

Allah ya ba da sa'a.
Likita.

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida matarka, a ce na gode da labule.

Yaya, na fita. Tun ranar da muka dawo daga asibiti ban taka ƙofar gida ba sai yau. Likitar dabbobi ce ta ce in ɗaura wa jakin amalanke in bi shi, ko zai yarda ya ci in mun dawo. Da muka jawo amalanken, shi da kansa ya ja da baya ya shiga tsakanin sandunan. Mai ɗinki ta ce, “Ka ga mai aikin, mu ne 'yan koyo.”

Ban san hanyar ba. Ɗana ya yi shekaru yana binta kullum, ban taɓa tambayarsa ta ina yake bi ba. Na riƙe igiya kawai, jakin ne yake tafe da ni. A hankali yake tafiya, ƙafafunsa na ɗan rawa, amalanken na ƙara a bayanmu.

Ya tsaya wajen mai shayi. Mutumin ya ɗago ya ga jaki, ya ga ni, sai ludayin ya tsaya a hannunsa. Ya yanko gefen burodi ya miƙa wa jakin, ya ce kullum haka suke yi. Manaja ya shinshina bai karɓa ba. Muka wuce.

Ya tsaya a gidan bulo. Masu aiki suka ajiye shebur suka zo suna gaishe ni, “Sannu Inna, ya haƙuri.” Na amsa. Wani mai furfura ya gyara mini ɗaurin igiyar ciki, ya ce na matse da yawa.

Daga nan ya kai ni gindin wata bishiya kusa da famfo, ya kafe. Na ja, ya ƙi. Sai na ga rabin duro a wurin, ya bushe, ganye ya cika shi. Wata mai sayar da lemo ta ce Dogo ne ya ajiye shi, kullum sai ya cika shi da ruwa saboda jakan da ke wucewa da kaya, har karnuka da awakin unguwa suna sha. Ta ce tun da ya daina zuwa dabbobin sukan zo su leƙa su tafi. Ta ara mini bokiti. Na kwashe ganyen, na yi ta jido daga famfo har bayana ya riƙe. Duron yana yoyo ta gefe, amma ya cika. Ban gama ajiye bokitin ba wata karya mai shayarwa ta fito daga ƙarƙashin wata mota ta sa baki. Sai da Manaja ya ga ruwan sannan ya motsa.

Hanyar ta bi ta wurin da Dogo ya faɗi. Na gane wurin, don an faɗa mini gaban shagon mai fenti ne. Bulon da ya sauke har an gina su, katanga ta kai ƙirji. Na zaci jakin zai tsaya. Bai tsaya ba. Ni ce na tsaya, igiya ta miƙe a hannuna, sai ya jira ni. Ban ji komai ba, Yaya. Katanga ce kawai. Na taɓa ta, da ɗumi. Muka taho.

A gida na kwance shi, na sauke akumari. Rigar tana nan a ƙusa, ta bushe ta ƙandare. Na jiƙa ta na goge masa baya, na bi wurin igiya da yatsa. Saura faɗin maganar. Ya juyo da kai yana jira. Na daki wuyansa na faɗa da ƙarfi yadda Dogo yake yi, har mai ɗinki ta leƙo ta katanga.

Ya ɗan tsaya. Sannan ya juya wa ƙofa baya ya tafi wajen dusa.

Bai cinye ba, ko rabi bai kai ba. Likita ta ce sai an ga kwanaki kafin a ce ya tsira. Na kifa bokiti na zauna ina jin ƙarar taunarsa. Da mai ɗinki ta zo ɗaukar kwanonta ta buɗe murfi, ta dube ni, ta ce, “Au, yau har da ba ni wanke-wanke?”

Kada ka turo mutumin nan. Ni ma ba zan iya tahowa ranar Asabar ba. Gobe akwai fita, kuma duron nan ba ya kwana da ruwa.

Ka yafe mini rashin jin magana.
Ƙanwarka.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karanta. Tabaran nan nawa sun fara ba ni matsala, sai gogewa nake yi.

Na sallami mai sayen jakai. Motar kam za ta zo ranar Asabar, don na riga na yi magana da direba. Zai sauke miki buhun dusa, da rabin duro da na sa aka yanka, wanda ba ya yoyo. Matata ta sa takalmi mai taushi a ciki, ta ce naki ba na tafiya ba ne.

Ɗaki yana nan, ba za a cire labulen ba.

Ki gaida Likita. Ki gaida Manaja, ki ce masa ya riƙa tafiya a hankali, wadda ke bayansa ba yarinya ba ce.

Wassalam.
Yayanki.