Faifai Tara da Yaya Harisu Ya Bari

Anti Murjanatu, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba.

Yayana Harisu mai gyaran wayar mota ne a Mai'adua. Shekaru sha biyar da suka wuce ya tsinci faifan CD a rediyon wata mota tokumbo, na wasu mawaƙan Japan masu kiɗan rok mai ƙara kamar ana dukan bodin mota. Ko kalma ɗaya ba ya ji, amma sai da ya tara faifansu tara, ya jera bisa shekara. Na farkon ihu ne zalla da ganguna. Daga na biyar suka fara sassautawa, har sarewa suka sa. Na taran kuwa ko jinjiri zai yi barci. Shi ma haka ya sauya, daga mai zafin kai zuwa mutumin da ba a jin muryarsa. A bayan kwalin kowane faifai ya rubuta abin da ya same shi a shekarar: rasuwar Baba, aurensa, haihuwar ɗansa Zakiyyu.

Ya rasu makonni uku da suka wuce. Kawu Jafaru ya ce a ƙona faifan, kada alhaki ya bi shi kabari. Ina tsoron cutar da shi, Anti, amma wallahi hannuna ya kasa. Ga shi na ji mawaƙan sun fitar da na goma.

Ƙanwa mai kewa, daga Mai'adua

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Harisu. Ban yi dariya ba.

Kawunki ba mugunta yake yi ba, ƙauna ce ta sa yake tsorata masa, don haka kada ki yi musu da shi. Hukuncin faifan ba nawa ba ne. Ku je tare wurin malamin da kuka yarda da shi, ku bi abin da ya faɗa, ku yawaita wa Harisu addu'a da sadaka.

Amma na lura ba kiɗan kike wa kuka ba, rubutun ne. Cire kwalayen tara ki adana wa Zakiyyu, tarihin mahaifinsa ne da hannunsa, kuma ban ga kawun da zai ƙi wannan ba. Na goman ba sai kin saurara ba. Sami farin kwali, ki rubuta wannan shekarar da abin da ya faru a cikinta, ki ɗora a kan sauran.

Allah ya ba ku haƙuri, ya raya Zakiyyu.