Yaran da Suka Gayyaci Maƙwabta Sadakar Arba'in

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya haskaka makwancinki. Hadizarki ce, ta Greensboro. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma labarin nan ya cika mini ciki, kuma ke kika fi kowa cancantar jin sa.

Takwararki ce ta tayar da ƙurar. Ummi dai, wadda kika bari tana rarrafe, kina ganin ta a hoto kina cewa goshinki ta ɗauko. Yanzu tana jami'a, tana haya da ƙawayenta a wani tsohon gida a unguwar Glenwood, kullum a kan keke, hijabi na tashi a baya. Suna da wata ƙungiya ita da abokan karatunta. In an wulaƙanta baƙo a wurin aiki ko a makaranta, su raka shi, su yi masa tafinta, su tsaya a bayansa. Ni kuwa tsokanarta nake yi. Nakan ce, ku da ko tuwo ba ku iya tuƙawa ba, duniya za ku gyara? Sai ta amsa mini da Turanci, ta buɗe firijina ta kwashe miya.

Kin tuna Hajiya Rabi ta Damagaram da nake ba ki labari a waya, wadda ta riƙe ni da na haihu? Har yau gini ɗaya muke, nan bayan titin Gate City, ita a ƙasa ni a sama. To, Allah Ya yi wa mijinta Alhaji Isuhu rasuwa, mutumin kirki, direban babbar mota, ko kamiyo kamar yadda take faɗa. Inna, da kin ga zaman makoki! 'Yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Gana, har likitocinmu na Summerfield masu manyan gidaje suka zo suka zauna a ƙasa. Motoci suka cika wurin fakin, takalma suka kai har matakala, kulolin abinci na shiga suna fita.

Amma maƙwabta, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Sai ma ƙara da aka kai ofis. Manajan gidajen ya zo har ƙofa ya gaya wa matar da ke cikin takaba cewa in aka sake kawo masa ƙarar taro, ba zai sabunta mata haya ba. Ya ƙara da cewa irinmu ba mu san zaman gidan haya ba. Wannan "irinku" ta fi komai ƙona mana rai. Ga mace a takaba, ba ta da inda za ta, ga yara biyu a makarantar unguwa, ga arba'in na tahowa.

Manya suka taru a falona. Wasu suka ce a fasa sadakar. Wasu suka ce a kai ta masallaci, Hajiya ta aiko cewa ita dai burinta a yi masa addu'a a ɗakin da ya zauna. Wani dattijo ya ce baƙo ba shi da baki, mu sunkuyar da kai kawai. Ni ma na zuba tawa, na ce mutanen nan ba su da zuciya, ana mutuwa a gefensu suna ƙirga motoci.

Ummi tana raba shayi. Sai ta ajiye faranti, ta durƙusa kamar yadda na koya mata, ta ce da dattijon, "Baba, an gaya musu rasuwa aka yi?"

Wa ke gaya wa maƙwabci an yi mutuwa? A gidanmu na Katsina ko salati aka ɗaga, kafin a rufe baki tsakar gida ta cika. Ke kanki kin sha cewa, gaisuwar mutuwa ba a gayyata, ƙafa ce ke kai kanta. Amma yarinyar nan ta ce a nan ba haka ba ne. Mutum ba ya shiga gidan wani sai an kira shi, ko da mutuwa ce, gani yake shisshigi ne. Suka ga motoci da tukwane da mata cikin manyan mayafai kwana da kwanaki, suka ɗauka shagali muke yi. Ta ce wanda ya ƙi mu don fatarmu ko hijabinmu, wannan dabam, za su ji da shi. Amma kada mu haɗa shi da wanda bai sani ba. Ta ce a bar su su bi ƙofa ƙofa su gayyaci kowa arba'in.

Gayyata, Inna! Kamar biki! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba, halinki sak. Aka kai maganar wurin Hajiya Rabi, ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, to, ku je. Alhaji bai taɓa hana kowa shiga gidansa ba."

Su uku suka fita: Ummi, da Lusiya wadda iyayenta suka zo daga Meziko, da Makos, baƙar fata ɗan asalin garin nan, wanda kakansa ya ga zamanin da ake hana baƙi zama a gidan abinci. Ina leƙen su ta taga. Ba zan ɓoye miki ba, ba duka ƙofofi ne suka yi daɗi ba. Wani mutum a ginin baya ya ce su koma ƙasarsu. Ummi ta ce masa asibitin da aka haife ta bas ɗaya ne daga nan. Ya buga ƙofa. Ta hau sama ta yi kukanta a kicin ɗina, ta cinye ragowar dambu, ta wanke fuska ta sake fita.

Ƙofar da na fi tsoro ita ce mai kallon tawa. Mis Dalin ke nan, wata tsohuwar Baturiya da muka daɗe muna gaisuwar ɗaga hannu, kuma ita ce ta kai ƙarar. Na manna kunne a ƙofata, Allah Ya yafe mini. Da suka gaya mata, na ji ta yi wata irin ajiyar zuciya. Ta ce mutumin nan mai dariya, wanda ya taɓa tayar mata da mota da sanyi? Ta ce don Allah me ya sa ba wanda ya faɗa mata. Ashe ita ma mijinta ya rasu, kuma ranar da aka binne shi, da ta dawo gida ita kaɗai ta zauna.

Ranar arba'in, yaran nan da nake rainawa suka ba ni kunya. Sun roƙi wani mai shago a bakin titi ya ara musu filinsa, Makos ya sa rigar nan mai ƙyalli yana nuna wa Alhazai inda za su ajiye mota, kuma wallahi suna bi. Lusiya ta kawo kantar katako aka jera takalma a kai. Sai ga maƙwabta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna tuɓe takalmi a ƙofa, wasu da furanni ba mu san inda za mu sa su ba, muka zuba a bokitin alwala.

Mis Dalin ta shigo da tiren dankali da cuku. Hajiyoyi suka fara leƙe suna taɓa juna, sai Lusiya ta raɗa musu cewa ita ta raka ta kasuwa, babu abin da ya haramta a ciki. Kafin la'asar an suɗe tiren. Aka ba ta masa, ta dangwali yaji kamar sukari, ta yi tari har hawaye, Hajiya Rabi da ba ta yi dariya ba tun rasuwar ta yi ta har tana rufe baki da mayafi. Daga nan suka zauna gefe da gefe, wannan ba Hausa, wannan Turancin kaɗan, hannu cikin hannu har aka shafa fatiha.

Washegari Mis Dalin ta ja wasu maƙwabta, yaran na biye, suka tafi ofis. Ta janye ƙararta. Su Ummi kuma suka tsaya a kan kalmar nan ta "irinku", cikin ladabi amma ba ja da baya, har sai da manajan ya tako da ƙafarsa ya ba Hajiya haƙuri. An sabunta mata haya, Inna. Tana nan a ɗakinta, yaranta na makarantarsu. Mutumin ginin baya har yau ba ya amsa gaisuwa, ni kuwa kullum sai na gaishe shi, don in ba shi aiki.

Kin sha gaya mana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne, amma a garin nan yaranmu ne suka san hanya, don su suka tashi da ƙafa ɗaya a gidanmu ɗaya a gidan mutane.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da aka bugo mini rasuwarki, ba ni da halin zuwa gida. A falon nan na zauna. Mu kaɗan ne a garin a lokacin, mata 'yan ƙalilan suka zo suka tafi. Na yi ta kallon ƙofa ina jiran maƙwabciyata, ba ta zo ba, abin ya tsaya mini a rai duk shekarun nan. Ashe takwararki ta sani, kuma ta kai labari.

Ranar Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, sai ga Mis Dalin, takalmanta a hannu ɗaya, kwano a ɗayan. Ta dube ni, a hankali kamar mai tsoron kada kalmar ta zube, ta ce, "Hadiza, ya haƙuri?"

Inna, sai kawai na matsa mata hanya. Ta shigo ta zauna a kan darduma, da gwiwoyinta masu ciwo, ta ƙi kujera don an gaya mata a ƙasa ake zama. Ta tambayi sunanki. Ta ce in ba ta labarinki. Na gaya mata yadda kike dama fura, da yadda kike yi mana faɗa kina dariya, da yadda ba a taɓa mutuwa a unguwa aka riga ki isa ba. Muka yi kuka, muka yi dariya, shayi ya huce muka sake ɗorawa. Kwanonta kuma bai koma haka nan ba, kada ki damu, na cika shi da dambu, yaji kaɗan.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya jiƙan Alhaji Isuhu, Ya ba Hajiya Rabi dangana. Allah Ya raya mana yaran nan, namu da na mutane, Ya tsare su daga mugun baki da muguwar ƙofa, Ya yi wa takwararki albarka. Amin.

Ki huta lafiya. Gaisuwarki ta makara a hanya, amma ta iso, kuma na karɓa a madadinki.

'Yarki mai kewarki kullum,
Hadiza