Na Janye wa Baba Shinkafa Ban Gaya wa Kowa Ba

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kwana huɗu ke nan ina cikin tashin hankali.

Ni ce auta a gidanmu, ni nake yi wa Baba girki tun rasuwar Mama. Bara likita ya ce jikina ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, wai ina bakin ƙofar ciwon suga. Sai na duƙufa kallon bayanan masu bincike a waya, na bar shinkafa da burodi da taliya, na koma ƙwai da kifi da ganye. Wata biyar na sauke kilo tara, awona ya yi kyau. Nan fa kaina ya kumbura, na zama likitar gida.

Baba tela ne, shekara goma sha ɗaya yana da suga, yana shan ƙwaya safe da yamma. Mutum ne da ba ya duba kwano, abin da na zuba a kula aka kai masa shago shi zai ci, idonsa na kan ɗinki. Na fara rage shinkafar ina cikewa da kabeji, a hankali har na ɗauke ta gaba ɗaya. Na san in na faɗa masa zai ƙi, shi ya sa na ja bakina. Sau ɗaya ya ce hannunsa na rawa in zai zura zare, ni kuwa har da tsokanarsa wai tsufa ya zo. Wallahi in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ran Litinin da rana ya kife a kan keken ɗinki, goshinsa ya fashe. Mai gyaran takalmin da ke kusa da shagonsa ne ya same shi sharkaf da gumi, ba ya gane kowa. A asibiti suka ce sugansa ne ya yi ƙasa sosai. Likitar ta tambaya ko an canza masa abinci, Yayana ya ce a'a, ni kuma ina tsaye ban ce uffan ba.

A ranar aka sallamo shi, Yaya kuwa ya kwashe ƙwayoyin ya kulle a motarsa, ya rantse maganin ne ya so kashe Baba. Ni kuma don tsoro na dawo masa da shinkafa fal kwano. Tun jiya yake ta shan ruwa yana zaryar banɗaki. Yaya zuciya gare shi, in ya ji gaskiya zai ɗauke Baba ya kai gidansa, ni ko cokali ba zai bari in sake miƙa masa ba. Yaya zan yi?

'Yar Tela

Ƙanwata,

Ki fara da abin da ba ya jira. Mai suga ba magani kwana huɗu, ga shinkafa fal, ga ƙishirwa da yawan fitsari: yau za ki mayar da shi asibiti, ba gobe ba. In ya fara amai ko barci mai nauyi, kada ki tsaya neman izinin kowa.

Rage shinkafa da burodi ba hauka ba ne, ya taimaki mutane da yawa, ke ma shaida ce. Sai dai ke ba kya shan magani. Akwai ƙwayoyin da ke danne suga ko mutum ya ci ko bai ci ba, shi ya sa likita ke sake duba magani kafin a taɓa abincin. Ƙauna ce ta sa ki, na yarda, amma ɓoyewar ita ce laifinki, kuma ba ƙarami ba ne.

Yayanki ma ya yi ganganci da ya kulle magani. Amma a kan rabin labari ya yanke hukunci, sauran rabin yana bakinki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki gaya wa likitar ranar da kika fara rage shinkafar, da abin da kike zuba masa, ta faɗi maganin da zai sha da yawansa. Ki tambaye ta alamomin faɗuwar suga, ku sanar da maƙwabtansa na shago.

Sannan ki durƙusa gaban Baba ki faɗa masa da bakinki, kafin Yaya ya ji. Jikinsa ne, shi zai zaɓi abin da zai ci da inda zai zauna. Yaya zai yi faɗa, ki shanye. Wataƙila ma ya ɗauke Baba na ɗan lokaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Gara ki riƙa zuwa gidan Yaya gaishe da Baba da ki rasa inda za ki je gaishe shi.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sanyaya zuciyar Yayanki, ke kuma Ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.

Anti