Kogon da Muka Tsaya a Bakinsa

Zuwa ga Hajiya Shugabar Makarantarmu, Tarauni,
ta hannun jaridar bango ta ɗalibai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, kafin komai ina neman afuwa. Ban kai in rubuta miki wasiƙa ba, balle in liƙa ta inda kowa zai karanta. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinki a makon nan, da na ji muryarki sai in wuce kamar ruwa na fito sha. A takarda ce kaɗai nake iya faɗin abin da ke raina. Ina fata kina lafiya, da iyali, da gajiyar aiki.

Sunana Hauwa'u, 'yar aji biyu na babbar sakandare, daga Gyaɗi-Gyaɗi. In ba ki gane ni ba, ni ce wadda rabin fuskarta ya fito a gefen hoton nan da ke rataye a ofishinki, na ranar ziyararmu ta ilimi. A kan ziyarar nake son yin magana.

Tun farkon zango Malam Sadisu, malaminmu na labarin ƙasa, yake kwaɗaita mana wani wuri da mutane ba su cika sani ba. Akwai kwazazzabon da kogi ya yanka cikin dutse, da tsohuwar ganuwar duwatsu da mutanen dauri suka gina a kan tudu don kare kansu, sai kuma kogon dutsen farar ƙasa, wanda ya ce ruwa yana ɗiga daga rufinsa shekara da shekaru har ya bar tsinin dutse a rataye. Sati biyu na yi ina lallaɓa Baba kafin ya sa hannu a takardar izini. Umma, wadda nas ce a asibitin koyarwa, ta ara mini 'yar tocilar da take duba maƙogwaron marasa lafiya. Na mayar mata da ita ban kunna ba. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya, gaisuwa. Mun bar makaranta da hantsi, mun wuce Unguwa Uku muna ta waƙa, mun isa ƙauyen da ke kusa da kogon kafin azahar. Kika ce ba a shiga wurin mutane ba a gaida mai gari ba. Gaskiya ne, haka aka koya mana a gida. Sai dai mai garin Allah ya yi masa karamci. Ya rantse ba mai ɗaga ƙafa sai an ci abinci, alhali kajin da za mu ci muna kallonsu suna kiwo a ƙofar zaure. A gabanmu aka bi su da gudu. Kin yi jawabin godiya, ya mayar, liman ya yi addu'a, kika sake godiya a kan addu'ar. Ana cikin haka aka gano uwargidansa 'yar Hotoro ce, har kun yi islamiyya ɗaya. Kika ce bari ki leƙa ki ce mata sannu. Ranki ya daɗe, mun yi azahar, mun ci tuwo, mun yi la'asar, kina cikin sannun nan.

Na biyu, kwazazzabo da ganuwa. Direba ya ce shi sai ya shiga Kano kafin duhu, don haka bai tsaya ba, gudu kawai ya rage. Kwazazzabon yana hagu, ni kuwa ina zaune a dama, abin da na gani bayan hijabai ne. Ganuwar kuma da yatsa Malam ya nuna mana ta taga. Har yau ana gardama a ajinmu, domin rabinmu bishiyar kuka suka kalla suna kaɗa kai.

Na uku, fararen kaya. Ke kika umarta a taron safe cewa kowa ta zo da farin hijabi gogagge da farar safa da farin takalmi, saboda sunan makaranta za mu kai. Mun bi umarni. Da muka isa bakin kogon, wata iska mai sanyi ta fito ta dake ni a fuska, da warin jemagu, kuma na rantse na ji ɗigar ruwa can ciki, ɗis, ɗis. Taku goma ya rage in ga abin da nake karantawa a littafi. Sai kika dubi taɓon da ke ƙofar, kika dubi ƙafafunmu, kika ce ba za ki mayar wa iyaye 'ya'yansu kamar masu kwaɓa ƙasar gini ba. Aka jera mu, aka ɗauki hoto, aka ce kowa mota. Hoton ya yi kyau ƙwarai, ba na musu. Ko ɗigon datti babu a jikin kowa.

Na huɗu, shi ne ya hana ni sukuni. Washegari Malam Sadisu ya ba mu aiki, shafi huɗu a kan abin da muka gani a cikin kogo. Da yawa sun duba waya sun kwafo. Ba zan kama suna ba, ƙawayena ne, amma akwai wadda kogonta har da kwalekwale da fitilu masu launi, kuma ta ci da yabo. Ni na kasa. Ke da kanki kike ce mana duk ranar Litinin ɗaliba ta gari ba ta rubuta abin da ba ta sani ba. Sai na rubuta abin da idona ya gani: zauren mai gari da yadda aka jera azarar rufinsa, jar ƙasar ƙauyen da yadda ta koma fari-fari da muka doshi kogon, sanyin iskar, da ƙarar ɗigar ruwan. A shafin ƙarshe na ce cikin kogo ban shiga ba. Malam ya ja jan biro, ya rubuta cewa na kauce wa tambaya, ya kayar da ni.

Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma a bakin kogon na ga yana leƙe kamar mu. Amma an sanar cewa duk wadda ta faɗi wannan aikin ba za ta ci gaba da darasin labarin ƙasa a aji uku ba. Hajiya, shi ne darasin da na fi so a duniya, kuma ilimin duwatsu nake burin karantawa a jami'a. Nan da mako biyu za a rufe sakamako. In aka rufe a haka, na fita daga ajin saboda na ƙi ƙirƙiro kogon da ban shiga ba.

Ga roƙona, cikin ladabi. Ki sa a sake duba aikina a kan abin da aka ba ni damar gani. In hakan ba zai yiwu ba, a dakatar da makin nan, a sake kai mu, da kayan gida da takalman roba, a fara da kogo tun da safe, a ƙare da gaisuwa. Idan kuma al'ada ba ta yarda a jinkirta gaisuwa ba, muna roƙon ki riga mu tafiya da kwana ɗaya. Na tabbata uwargidan mai gari za ta ji daɗi, mu ma haka.

Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, ya saka miki da alheri a kan tarbiyyarmu, ya raya miki zuriya. Ya saka wa mai gari da iyalinsa, domin tuwon ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. In na yi rashin kunya a wani layi, ki yafe mini, ƙuruciya ce.

Abu na ƙarshe. Idan Allah ya sa na taka cikin kogon nan, ina neman izininki in sake rubuto miki, shafi huɗu cif, wannan karon a kan tambayar da Malam ya yi.

Wassalam.

Ɗalibarki mai biyayya,
Hauwa'u, aji biyu.