Cokali Na Biyu

Yaya,

Ina fata kina lafiya, ke da Inna. Ni ma lafiya, sai ɗan tari.

Kin san 'yata ta ce sai na shekara ban sha giya ba, sannan za ta ɗaga wayata. Kullum ina rubuta kwanakin, har na kai ɗari uku da shida. Shekaranjiya na sha maganin tari, sannan na karanta jikin kwalbar: akwai giya a ciki. Abokin aikina ya ce, "Haba malam, ai magani ne!" Ban gaya masa na ƙara cokali bayan na karanta ba.

Na koma farkon ƙirga. Ki roƙar mini ita ta ƙara jira, ni ba ni da baki.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki