Babban Yatsa a Zauren Dangi

Litinin, 3 ga Maris
Jarrabawa ta zo da sauƙi, alhamdu lillahi. Na sa hotona a shafina, 'yan ajinmu sai yabo suke. Can ba ni da matsala, da harshen ƙasar nan nake rubutu, a nan ƙasar waje aka haife ni. Zauren danginmu na waya ne ciwon kaina. Kowa da murya yake gaisuwa, ni kuwa in tura hoton babban yatsa in sulale.

Laraba, 5 ga Maris
Mama ta kira ina shanya kaya. "Ke, kawunki zai gaida mutane ki ɗaga masa yatsa? Sa'anki ne?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce idon Kaka ya yi rauni, muryoyi kawai ake kunna mata a can gida. Jiya wai ta tambaya ko jikarta ta jami'a bebiya ce.

Abin ya sosa mini rai. Rubutun Hausa na iya, Mama ce ta koya mini, bakin ne ke karkacewa. Bara da na gwada, ɗan kawu ya kwaikwaye ni a zauren, har yau ban huce ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na ɗauki murya sau bakwai, na goge sau bakwai. Abokiyar ɗakina ta zaci waƙa nake koyo.

Lahadi, 9 ga Maris
Na tura! Gaisuwa ce ta sakan goma sha biyu. Na kife wayar a kan gado na fita shan iska.

Da na dawo, ɗan kawu ya sa fuskar dariya. Mai hali ba ya fasa halinsa. Ƙarƙashinsa kuwa Kaka ce, har minti huɗu. "Ashe ƙawata tana da baki! Rowa ce dama. Muryar uwarki sak, lokacin tana budurwa." Ta yi ta sa mini albarka. An ce sau uku ta sa aka maimaita mata. Na ji daɗi ƙwarai, har da 'yar ƙwalla.

Talata, 11 ga Maris
Ba wani labari. Aji, ɗakin karatu, wanki. A layin abinci wayata ta yi ƙara, saƙon murya ne daga Kaka, wai yau ba ta ji ni ba. 'Yan ajinmu na kewaye da ni. Da a da ne, da sai na nemi lungu.

Na danna na amsa mata da murya, da Hausa, a wurin. Layin ne dai ba na son rasawa.